Manomi Tsakanin Tsadar Taki da Arhar Hatsi

 An roƙe ni in yi magana a kan tattalin arziki. Ni ba masanin wannan fanni ba ne, amma ɗan manomi ne ni, kuma yawancin waɗanda nake kiwo manoma ne. Saboda haka zan yi maganata daga bakin rumbu.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yuni na 2023 aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a 2024. Wani zai ce, ina ruwan mai garma da dala? 'Yan'uwa, da ruwansa. Maganin feshi daga waje yake zuwa, haka ma wasu sinadaran da ake haɗa takin zamani da su. Injin ban-ruwa kuma mai yake sha.

Da abinci ya yi tsada, har hauhawar farashinsa ta wuce kashi 40 cikin 100 a Yunin 2024, sai gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafa na kwana 150. Mutanen gari sun ɗan sami sauƙi, mun kuma gode wa Allah domin wannan. Amma a 2025 farashin hatsi ya faɗi a Dawanau da Saminaka da sauran kasuwanni, taki kuwa bai sauko tare da shi ba. Wanda ya ci bashi ya yi noma da tsada, ya sayar da arha. Na ga magidanta da suka sayar da buhu biyu na masara, kuɗin bai kai na buhun taki ɗaya ba.

Ban da wannan, akwai tsohon ciwonmu. Da kaka kowa na neman kuɗin makaranta, da na biyan bashi, da na Kirsimeti, sai mu kwashi hatsi zuwa kasuwa a lokaci guda, farashi ya karye. Ɗan kasuwa ya saya ya ajiye. A watan Yuli da Agusta, rumbu ya ƙare, mu koma wurinsa mu sayi hatsinmu da tsada.

To, me za mu yi? Ku tuna da Yusufu a Farawa sura 41. Shawarar da ya ba Fir'auna ita ce a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi domin shekarun yunwa. Maƙwabtanmu na Nijar suna da abu mai kama da wannan. Ƙungiyar manoma takan zuba hatsinta a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Manomi ya karɓi rance a kan hatsinsa ya biya bukatar kaka, in farashi ya tashi a sayar, a biya bashi, ragowar ta zama tasa. Me zai hana kowace ikilisiya ta fara da ɗaki ɗaya da buhu goma? A zaɓi amintattu, a sa Zumuntar Mata a ciki, a rubuta kowane mudu, a karanta lissafi a gaban jama'a. Mu kuma jawo maƙwabtanmu Musulmi, gama yunwa ba ta tambayar addini.

Na biyu, kada mu ce tun da mu 'yan tsiraru ne, muryarmu ba ta da nauyi. A 2003, a birnin Maputo, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga noma. In ɗan takara ya zo ƙauyenku, ku tambaye shi: nawa jiharmu ta ware? Yaushe taki zai iso, kafin shuka ko bayan an yi huɗa? Ina hanyar da za ta kai kayanmu kasuwa? Kada mu sayar da shekara huɗu a kan turmin atamfa da sabulu.

Ina roƙon kowane limami ya kai wannan magana gaban dattawansa kafin a gama girbin bana. Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.