Motsa Jiki a Tsakar Gida



Yau kan motsa jiki za mu tattauna. Wata za ta ce, "Ni da nake kulle, ina ni ina gudu?" To, 'yar'uwa, saurara. A da iyayenmu su ke daka da surfe da niƙa a dutse, jiki yana ta aiki. Yanzu inji ya ɗauke yawancin wannan, zama ya yi yawa, ga hawan jini, ga ciwon suga.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wato rabin awa sau biyar. Tsakar gidanki ta isa: ki riƙa zagayawa da sauri har numfashi ya ɗan hau, amma kina iya magana.

Ɗaukar abin da gaske shi ne ki tsai da lokaci, bayan asuba ko bayan la'asar, ki kiyaye shi ko da abokiyar zama tana miki dariya. Ki fara da minti goma, ki riƙa ƙarawa. Mai juna biyu ko mai hawan jini ta fara neman shawara a asibiti.

Kada kunya ta hana ki. Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah (SAW), har ta tsere masa a karon farko.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.