Ƙwaƙwalwar Mota

Jama'a, yau za mu yi magana a kan motocin haya da ke ɗaukarmu daga Daura zuwa Katsina, ko Kano ta Kazaure, ko kasuwar Mai'aduwa. Galibinsu tsofaffi ne, Hayis da Sharon, sun sha aiki a Turai kafin su iso mana.

Motocin dā da kafireta suke aiki. Na yanzu kuwa akwai wani ɗan akwati a cikinsu, kanikawa suna ce masa biren-bos, watau ƙwaƙwalwar mota. Shi ke auna man da inji zai sha, shi ke gaya wa fulogi lokacin ba da wuta. Amma fa ba shi da ido. Ƙananan na'urori na jikin inji su ke aiko masa da labari ta waya. In labarin bai zo daidai ba, aikinsa ya ɓaci.

To, ga inda ake hasara. Mota ta ƙi tashi, sai a ce ƙwaƙwalwa ta mutu. Mai mota ya sayar da geronsa, ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo wata. A ɗaura, shiru. Sau da yawa ta farkon lafiyarta lau.

Saboda haka a fara da abu mai araha. A auna batir. Lafiyayye yakan nuna 12.6 in inji yana kashe, wajen 14 in yana aiki. A kankare farin garin nan da ke taruwa a kan batir. A duba fis. A bi wayoyi ɗaya ɗaya, balle in mota tana kwana kusa da rumbu, gama ɓera ba ya ƙin waya. Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce, a tuhumi na'urar da ke ƙidaya juyin inji tukuna.

Sa'an nan a nemi mai na'urar bincike. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai, doka ta ce ƙananan motocin fetur su zo da soket mai rami 16 kusa da sitiyari. In an jona na'ura, sai ta nuna lamba, kamar P0335. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku rubuta lambar da hannunku. Unguwar da ciwo yake take nunawa, ba gidan ba, sai makaniki ya bi ya gano.

Ƙwaƙwalwa takan ƙone kuwa, galibi da hannun mutum: cire kan batir inji yana aiki, walda ba a cire batir ba, juya wayoyin batir, ko feshin ruwa wajen wanke inji. In ta tabbata sai an sake, a tambayi mai sayarwa ko za ta yarda da makullin motar. Waɗansu ba sa tashi sai da makullin da suka sani.