WA ZAI BIYA KUƊIN KWASHE SHARAR ƘAUYE?
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Kamar yadda kuka ji a rahoton Sakatare, akwai shawarar da ke gabanmu cewa bana ƙungiya ta yi wa ƙauyen da makarantarmu take a cikinsa wani abin alheri game da shara, har wasu sun ambaci sayen mota. Niyyar ta yi kyau. Amma ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma duk wanda ya taɓa zagayawa bayan sakatariya ya ga motocin da aka sayo da ganga da algaita sun zama ɗakin kwanan kaji. Sayen mota na rana ɗaya ne. Man da za ta sha, da albashin direba, da kuɗin bakanike kuwa, na kowane wata ne. Saboda haka kafin mu taɓa asusu, ya kamata mu san wanda zai ɗauki nauyin wata na biyu.

A da can ƙauye bai san wata matsala wai ita shara ba. Abin da ake sharowa daga tsakar gida toka ce, da kashin dabbobi, da ƙaiƙayi, da fasasshiyar ƙwarya, kuma duk ƙasa tana cinye su. Juji dukiya ne. Da rani ya yi nisa sai a ɗora mangala a kan jaki a kai gona. A kewayen birnin Kano ma manoma sun daɗe suna shiga gari da jakuna, su kai itace su komo da taki, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin nan kowace shekara ba hutu. Malaminmu na Labarin Ƙasa yana zaune a nan, in na yi kuskure ya ɗaga mini hannu kamar yadda ya saba.

Abin da ya sauya shi ne irin kayan da ke shiga jujin. Leda ta shigo, da ledar fiya wata, da robar lemo, da mataccen batir, da ƙunzugun jarirai na zamani. Waɗannan ba sa ruɓewa. Manomi ya kai taki gona, bayan ruwan farko sai ya tarar da gonar ta yi fari fat kamar an yi shanya. Akuya ta haɗiyi leda ta yi ta ramewa, maigida yana ta sayen magani, sai ranar da mahauci ya farke tumbi a ga dunƙule. Kwata ta toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Wanda ya gaji kuma sai ya cinna wa tarin wuta da magariba, unguwa ta kwana tana tari. Ashe ke nan kuɗin shara ana biyansa tuni, sai dai mai akuya da uwar yaro mai zazzaɓi ne suke biya, wanda ya fi kowa zubarwa kuwa ko kwabo.

A takarda, tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi. A ƙasa kuwa, kowa a ɗakin nan ya san rabon da ƙauyensu ya ga duba-gari.

To, akwai ƙasar da ta ɗauki wannan magana ta wa zai biya da gaske, wato Koriya ta Kudu. A farkon shekarar 1995 suka kafa doka a duk faɗin ƙasar cewa ba za a ɗauki sharar kowa ba sai a cikin wata jaka ta musamman wadda hukumar gari take bugawa, a sayar a kantuna. Kuɗin jakar shi ne kuɗin kwashewa. Mai shara da yawa ya sayi jaka da yawa, mai kaɗan ya sayi kaɗan. Hikimar tana nan: duk abin da za a iya sake sarrafawa, kamar takarda da kwalba da gwangwani da roba, in ka ware shi gefe, kyauta ake ɗauka. Ba sai an yi wa kowa wa'azi ba, aljihunsa ne zai koya masa warewa. A 1994 kowane mutum yana fitar da kimanin kilo 1.3 na shara a rana, cikin 'yan shekaru abin ya sauko zuwa wajen kilo ɗaya.

Sai dai a karkara tsarin bai tafi sumul ba, kuma wannan ne ya fi shafarmu. Gidaje a warwatse suke, mota ba ta zuwa a kai a kai, ga daji a bayan gida. Manomi ya duba ya ga me zai sa ya sayi jaka alhali ga ashana? Ƙone-ƙone da zubarwa a ɓoye suka ci gaba. Daga baya sai hukuma ta fito wa irin waɗannan ƙauyuka da wata hanya dabam: a ajiye mazubi na gayya, a auna abin da ƙauyen ya tara gaba ɗaya, a raba kuɗin a kan gidaje. Wato ko su da suke da ƙarfin hukuma, sai da suka gane cewa abin da ya yi wa birni ba lalle ya yi wa ƙauye ba.

Wajen warewa kuwa, ban san ƙauyen da ya kai Kamikatsu ba. Wani ɗan gari ne a cikin duwatsun tsibirin Shikoku na ƙasar Japan, mutanensa ba su cika 1,500 ba, kuma wajen rabinsu tsofaffi ne. Har cikin shekarun 1990 a wani fili suke tara shararsu su banka mata wuta, kamar dai mu. A 1998 suka sayi ƙananan injinan ƙona shara guda biyu. Ba a je ko'ina ba dokar ƙasar game da gubar da ke fita cikin hayaƙin ƙona roba ta tsananta, dole suka rufe su. Ina roƙon masu son sayen mota su riƙe wannan. Da suka ga kai sharar wani gari a ƙona musu yana cinye musu kuɗi, sai suka koma ga warewa, kuma a 2003 suka zama hukumar gari ta farko a Japan da ta yi shelar cewa burinta shi ne ta daina ƙonawa da binnewa baki ɗaya.

Garin nan ba shi da motar da ke bi gida-gida. Kowa shi yake wanke gwangwaninsa da robarsa ya kai wuri guda, ya zuba kowane iri a mazubinsa. A 2016 mazuban sun kai 45. Ragowar abinci ba ya zuwa wurin sam, a gida ake mayar da shi taki. Tsofaffin da ba sa iya zuwa ana zuwa a karɓo musu. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan allon da ke jikin mazuban, wanda ke nuna inda za a kai kayan, da ko gari zai samu kuɗi da su ko kuwa biya zai yi. Sun kai ga sake amfani da wajen kashi 80 cikin ɗari na shararsu, alhali ƙasar gaba ɗaya tana wajen kashi 20. Wa'adin 2020 da suka ɗibar wa kansu ya zo ya wuce ba su kai ga kawar da ita duka ba, domin akwai kayan da tun daga masana'anta ba a yi su don a sake sarrafawa ba.

Ba ina cewa mu je mu jera wa mutanenmu mazubi 45 ba, dariya za a yi mana. Mu ai muna da abin da ya fi mazubi, wato mai saye. 'Yan gwangwan suna bi lungu-lungu suna auna ƙarfe. Masu zubin tukwane suna neman gwangwanin lemo. Mai sayar da manja da mai kunun aya suna sayen robar ruwa. Tsohuwar taya takalmi ce, tsohon tub guga ne. Taki kuwa manomi har rigima yake yi a kansa, in dai babu leda a ciki. In aka cire waɗannan, abin da ya rage shi ne wanda ba mai so ko a kyauta, kuma a kansa kaɗai nake ganin ya dace a biya.

Na san abin da za a ce. Za a ce haraji ne ya dawo ta bayan gida, kuma tun da gwamnatocin PRP suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, talakan ƙasar nan ba ya son jin an ce kowane gida zai kawo wani abu. Yana da hujja, domin ya sha biya bai gani a ƙasa ba. Amma mutumin nan yana biyan mai garuwa kullum ba gardama, saboda yana ganin ruwa a randa. In mai kura ya zo ƙofar gida ya ɗauki buhu, aka ba shi kuɗinsa hannu da hannu, ciniki aka yi. Matsala tana farawa ne daga ranar da aka ce a kai kuɗin wani ofis. Za a kuma ce wasu za su riƙa aiken yara da dare su juye a kwata. Za a yi, an yi a Koriya ma. Maganinsa shi ne kuɗin ya zama kaɗan ƙwarai, a ɗauke wa gwauraye da tsofaffi, sannan dagaci da masu unguwanni da limamai su san da maganar tun kafin a fara. Haka nan a tuna cewa tsintsiya a hannun mata take. In ba a shiga gida an yi musu bayani ba, warewa ba za ta yiwu ba ko da mazan gari duka sun amince a ƙofar fada.

Kuma gaskiya ba gidan manomi ne ya fi tara leda ba. Masu kantuna ne, da masu sayar da fiya wata, da 'yan kasuwa ranar da take ci, sai kuma ita wannan makaranta tamu. Duk wanda ya bi ta bayan ɗakin cin abinci yau da safe ya gani. In za a fara biya, daga makaranta ya kamata a fara, don kada mutanen gari su ce 'yan boko sun zo sun ɗora musu abin da su ba sa yi.

Shawarata ga kwamiti ita ce ƙungiya ta tsaya ga abin da ake saye sau ɗaya: kura biyu ko uku, da shebur da manjagara da safar hannu, da shingen da zai hana dabbobi shiga wurin da dagaci da ƙaramar hukuma za su nuna mana. Kada mu ɗauki albashin kowa. Kafin nan kuma, ina roƙon Shugaban makaranta ya ba mu aron ɗaliban aji biyar na wata guda, su ƙirga mana buhu nawa na leda da roba ke fita daga makaranta da kasuwa da unguwa ɗaya a kowane mako. Da wannan lissafi za mu je gaban dagaci, da shi kuma za a yanke kuɗin buhu. Ni na ɗauki nauyin tsara takardar ƙirgar, zan miƙa wa Sakatare kafin a koma hutu.