Inshora: Ilmin Auna Hatsari



Idan aka ambaci inshora a ƙasar nan, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne 'yar takardar nan da direba kan miƙa wa ɗan sanda a bakin hanya. Tun 1945 aka kafa dokar da ta tilasta wa masu motoci yankar ta, amma har yau direbobi da yawa ba su san an yi ta ne domin a biya wanda suka kaɗe ba. Wanda iyakar saninsa ke nan, lalle zai yi mamaki in ya ji cewa a Jami'ar Legas da wasunta akwai sashe guda da ake karantar da wannan fanni.

To, me ake koyo? A ce ga 'yan kasuwa dubu, kowanne da kayan naira miliyan ɗaya a rumfarsa, an kuma lura cewa rumfa biyar kan ƙone a kowace shekara. Ba wanda ya san wa tsautsayin zai faɗa wa, amma an san jimlar hasarar, watau naira miliyan biyar. In kowa ya zuba naira 5,000 a asusu guda, an rufa wa mutum biyar ɗin asiri. Irin wannan lissafi ne Edmond Halley ya yi a 1693, sa'ad da ya bi rajistar haihuwa da mutuwa ta garin Breslau ya fitar da jadawalin tsawon rai, wanda ya zama harsashin inshorar rai.

Amma fa lissafinmu yana da rami, kuma a nan ne karatun jami'a ya bambanta da adashi. Mun ɗauka kowace rumfa ita kaɗai za ta ƙone. Wanda ya san kasuwanninmu kuwa, inda rumfa ke jingine da rumfa, wayoyin lantarki sun sarƙe kamar yanar gizo, motar kashe gobara ba ta da hanyar shiga, ya san wuta ba ta tsayawa a rumfa biyar. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi mummunar gobara a 2016. A rana irin wannan masu zubi su ne masu neman biya, duka a lokaci guda, sai asusu ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Shi ya sa kamfanonin inshora su ma sukan yanki inshora a wurin waɗanda suka fi su ƙarfi, kamar kamfanin Africa Re da ƙasashen Afirka suka kafa a 1976, mai hedkwata a Legas. Shi ya sa kuma ɗalibin wannan fanni ba ya tsayawa ga kuɗin diyya. Ana koya masa ya zaga kasuwa ya ƙirga tazarar layuka, ya nemi inda ruwa yake, ya ƙara wa mai ajiye fetur a shago kuɗin zubi har ya ga gara ya fitar da shi.

Mun san damuwar da ke zukatan da yawa daga cikinmu, wato batun riba da garari, ba kuwa za mu raina ta ba. Sai dai malamai ba su bar maganar a nan ba. A 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan, bisa tsarin takaful, inda zubin yake gudummawa ce tsakanin masu asusu, rarar da ta saura kuma takan koma gare su. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a Nijeriya a 2013. Takaful ma ba ya tsayuwa sai da wanda ya iya lissafin nan, domin kyakkyawar niyya ba ta faɗa wa mutum nawa za a zuba.

Har yanzu kuɗin inshora da ake tarawa a Nijeriya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, kuma babban dalili shi ne jama'a ba su amince za a biya su ba. Saboda haka masu sha'awar fannin su shirya wa ƙididdiga da dokar yarjejeniya tun shekarar farko. Ku kuma ma'aikata, in kun koma ofis, ku tambaya ko ginin da kuke zaune a ciki yana da inshora, ku nemi ganin takardar da ranar ƙarewarta.