Jawabin Shugaban Taro a Bikin Ƙaddamar da Sabon Albam a Kano

 

Wakilin mai girma Hakimi, Allah ya ja kwana. Babban mai ƙaddamarwa, Alhaji, ranka ya daɗe. Uwar taro, Hajiya, ranki ya daɗe. Malamanmu na jami'a, Allah ya gafarta malam. Iyayen mawaƙin da muka taru dominsa, 'yan uwansa mawaƙa da makaɗa, 'yan fim, 'yan jarida, da ku samari da 'yan mata da kuka cika bayan zauren nan kowa da wayarsa a sama, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

An ce mini aikin shugaban taro shi ne ya buɗe, ya zauna, ya riƙa duba agogo. Zan buɗe, zan kuma zauna, amma ku yi mini haƙuri da 'yan mintuna, domin ina da magana, kuma yawancinta da na bayan zaure nake yi, ba da na kan kujerun gaba ba.

Waƙar Hausa ba ta taɓa tafiya da ƙafarta ba. Mai son ta ne ke ɗaukar ta ya kai wa wani. Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa ya yi yawancin waƙoƙinsa, a gaban mutanen da zaure ɗaya zai ɗauke su. Amma fatake da mahaya da 'yan kasuwa suka haddace, suka tafi da su a baki, kafin faifai da rediyo su zo su ƙarasa aikin. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai ga wata sabuwar al'umma ta ɓullo, wato 'yan Zaɓi Sonka. Waɗanda suka ga zamanin za su tuna yadda abin yake. Mutum ya sayi kati, ya zauna a teburin mai shayi, ya jera sunayen abokai da 'yan uwa da ƙaramin rubutu don kada wuri ya ƙare masa, har ya juya katin ya bi gefe-gefe, sannan ya rubuta waƙar da yake so a sa musu. Ya kai gidan waya, ya yi ta jiran ranar da za a karanto shi. Ranar da aka ambaci sunansa, unguwa duk ta sani. Tela a Gusau ya san sunan direba a Maraɗi, sun shekara suna gaisawa ta iska ba su taɓa haɗuwa ba, waƙar Shata ko ta Ɗan Maraya ce kawai tsakaninsu.

Sai kaset ya zo, direbobi suka karɓi tuta. Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, amma tun yana raye muryarsa ta riga shi isa garuruwan da bai taka ba, a gaban manyan motoci masu zuwa Legas da Kumasi da Agadas. Kaset in ya tsinke ba a yar da shi. A kwance shi, a liƙe zaren da jan farce, a sa biro a naɗe, a mayar. Wurin liƙin nan kullum sai an ji muryar ta ɗan yi tsalle, har mutum ya haddace waƙar da tsallenta.

Zamanin fim kuwa kusan kowa a nan ya gan shi. An yi Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma ta cika fiyano ya shigo situdiyo, waƙar fim ɗin Sangaya ta game gari, nanaye ta zama abin da ake ji a kowane shago. Daga baya mawaƙa irin su Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita suka mayar da fitar da albam al'ada, ana jiran sa kamar yadda ake jiran kaka, a je Ƙofar Wambai ko Bata a sayo faifai. Faifai ya mutu, masu turi suka kafa tebur da kwamfuta a bakin kasuwa suna loda wa mutane a memori. Yau kuma ga YouTube da Audiomack da TikTok. A 2020, lokacin kullen korona, ba wani kamfani ne ya yi wa Jaruma ta Hamisu Breaker talla ba. Mata ne a ɗakunansu suka ɗauki bidiyon kansu suna taka rawa, wannan ta gani ta yi nata, har maganar ta kai ga malamai da gidajen rediyo, aka yi ta muhawara a kan dacewar abin ko rashin dacewarsa. Ba muhawarar ce ta kawo ni ba. Abin lura shi ne, daga mai katin zaɓe zuwa mai waya, aikin bai canza ba: na ji abu ya yi mini daɗi, ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba.

To, yau ga wani an kawo muku.

An ba ni albam ɗin nan tun kafin yau don in saurara, na kuma saurare shi daga farko har ƙarshe, a jere yadda mai shi ya tsara. Ina roƙon ku ku ma ku yi haka, ko da sau ɗaya. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne, domin waya ta koya wa kunne gaggawa. Yanzu daƙiƙa talatin ake yanka daga waƙa, a hau kai, a yi rawa, a wuce, sauran baitocin ko oho. Mawaƙa kuma sun gane haka, shi ya sa wasu suke zuba duk ƙarfinsu a amshi, su cike sauran da duk abin da ya zo baki. Shata kan ja waƙa ɗaya ta yi tsawon da yau za a yanka ta gida goma, mutane kuma su zauna su ji ta duka, saboda kowane ɗa na waƙar da abin da yake ɗauke da shi. Yaron nan ya yi wa masu sauraro kyakkyawan zato, ya ɗauka cewa har yanzu akwai mai zama ya ji. Kada ku ba shi kunya.

Akwai waƙa ta huɗu, wadda ya yi wa mahaifiyarsa. Ku kasa kunne a wajen tsakiyarta, inda fiyano ke yin shiru a bar kalangu shi kaɗai. Wannan ba kalangun kwamfuta ba ne. Mutum ne ya rataya shi, ya matse tsarkiya a hammata, kuna jin yadda sautin ke hawa yana sauka yana bin karin maganar da mawaƙin ya gama faɗa, har numfashin makaɗin ana ɗan ji. Na'ura tana iya kwaikwayon bugun, amma ba ta san Hausa ba, kalangu kuwa magana yake yi. Na tambaya aka ce mini dattijo ne aka ɗauko daga cikin birni, mai kiɗan mahauta, kuma yana zaune a zauren nan. Baba, sannu da aiki, Allah ya ƙara lafiya.

Bidiyon da za a nuna mana an jima shi ma ya burge ni, kuma dalilin mai sauƙi ne. Mun gaji da ganin yaro ya jingina da motar haya a ƙofar otal, ya sa tabarau da daddare, yana nuna mana agogon aro. Wannan a marinar Ƙofar Mata aka ɗauke shi. Akwai wurin da kyamara ta tsaya a kan hannun marini yana tsamo zane daga rijiyar baba, hannun ya rine shuɗi har gwiwa, ruwan yana ɗiga, a can baya kuma masu bugu suna sauke sanduna daidai da kiɗan. Wanda ya shirya wannan ya san garinsu, kuma bai ji kunyarsa ba. Tashar Arewa24, tun da ta fara a 2014, da shirinta na Zafafa Goma, ta sa yaranmu sun san cewa bidiyon waƙar Hausa abin gasa ne. Saura su san cewa abin da za su ci gasar da shi yana nan a ƙofar gidansu.

Kada a ce shugaban taro ya zo yabo kawai. Ɗana, akwai waƙoƙi biyu da aka cika wa muryarka na'urar gyara, har na kasa gane ka. Allah ya ba ka murya, ka bar ta ta fito da 'yar ƙurarta. Na faɗa maka wannan a gida, na maimaita a nan don abokan sana'arka su ji.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi nauyi. Makaɗin zamanin da yana da ubangida. Sarki ko attajiri ya ba shi riga, ya ba shi doki, ya ba shi hatsi, wani ma kujerar Makka. Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi a inuwar sarauta suka yi sana'arsu. Hajiya Barmani Choge, da ta rasu a 2013, matan biki ne suka riƙe ta da liƙi. Mawaƙin yau da ya ce zai yi albam, wa ke riƙe shi? Zai biya situdiyo, ya biya mai kiɗa, ya biya mai haɗa sauti, ya biya 'yan amshi. In ya zo bidiyo ga darakta, ga mai kyamara, ga mai fitila, ga masu rawa, ga man janareto, ga abincin mutanen da suka wuni a rana. Ya gama ya saki, kafin la'asar waƙar ta shiga wayoyi dubbai ta hanyar turi, kowa yana cewa wallahi yaron nan ya iya, shi kuma ko kwabo bai shigo aljihunsa ba. Abin da YouTube ke biya daga talla yake fitowa, kuma kallon da aka yi daga nan ƙasar bai kai kuɗin wanda aka yi daga Turai ko Amurka ba. Sai mu dawo muna ƙorafi cewa mawaƙanmu duk sun koma waƙar 'yan siyasa da ta amare. To ina za su je? Wanda ya biya ai shi ake yi wa kiɗa.

Doka tana nan. An sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya a watan Maris na 2023, kuma ta taɓo abin da ake yaɗawa ta intanet. Amma babu hukumar da za ta bi wayoyinku ɗaya bayan ɗaya, kuma ni ban zo in tsorata kowa ba. Ku da kuke son yaron nan, ku ne ubangidansa yanzu, ko kun sani ko ba ku sani ba. Idan za ka tura wa abokinka waƙar, tura masa adireshin shafin mawaƙin ya je can ya ji, kada ka sauke ta ka tura masa ita kanta. Daɗin da zai ji ɗaya ne, bambancin kawai shi ne an ƙirga wa mai ita. In ya shirya wasa, ku sayi tikiti, ku daina neman wanda kuka sani a bakin ƙofa. Masu gidajen biki da masu shaguna da ke cika wurarensu da muryarsa, ku ma kun san akwai haƙƙi a kanku.

Mawaƙa, ku ma da naku. Mutum nawa ne a nan zai iya kawo sunayen 'yan amshin Shata, ko makaɗan Ɗan Anace? Shekaru aka yi ana kallon jaruma tana motsa baki a fim, muryar kuwa ta Fati Nijar ce ko ta Maryam A. Baba ko wata 'yar uwarsu, mai kallo da yawa bai sani ba. Na ji daɗi da na ga an rubuta sunan kowa a bayan albam ɗin nan, har mai kalangu. A ci gaba da haka. Kuma ɗana, ka rubuta baitocinka a takarda, ka haɗa da kwafin albam ɗin, ka kai Jami'ar Bayero a ajiye. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa sun sha wahalar bin tsofaffin kasa-kasai suna rubuto waƙoƙin magabata kalma-kalma, wasu wuraren ma sautin ya riga ya goge. Kada ka bar wa na baya irin wannan aikin.

Ga iyayensa, Alhaji da Hajiya, na san ba kowane gida ne ke murna ba ranar da ɗa ya ce waƙa zai yi. Kun yi haƙuri, kun sa ido, kun yi addu'a. Na saurari albam ɗin nan kaf, ban ji zagi ba, ban ji batsa ba, ban ji habaicin da zai hana ku shiga mutane ba. Allah ya saka muku da alheri, ya shirya mana zuriya baki ɗaya.

Ina ganin mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo. Da wannan nake buɗe taron nan da sunan Allah. Za a kashe fitilu a nuna mana bidiyon, daga nan sai babban mai ƙaddamarwa ya taso ya yaye ƙyallen, ya kuma faɗa mana nawa ya sayi kwafinsa. Alhaji, mun san hannunka, kuma 'yan jarida sun riga sun buɗe biro.