A Tambaya Kafin A Zuba Jari

(Jawabin da aka yi wa ɗaliban ajin manya, manoma da 'yan kasuwa, a Arkilla cikin birnin Sakkwato)

 

Yau maganarmu a kan kasuwa take. Da yawa daga cikinmu sun iya noma, sun iya kiwo. Inda muke faɗuwa shi ne ranar sayarwa. Mutum ya sha wahala wata huɗu a fadama, amma cikin awa ɗaya ya yi asarar ribarsa, don bai san abin da kayansa ke yi a wasu wurare ba. Dillali ya sani, mai kaya bai sani ba. To, wa zai ci wani?

Maganin wannan shi ne neman labari. Akwai tambayoyi uku da ya kamata a yi kafin a saki kaya ko kuɗi.

Tambaya ta farko: nawa ake sayarwa a can?

Mu ɗauki albasa, tun da ita ce arzikin mutanen Wurno, Goronyo, Gada da Aliero. Kowa ya san tana arha lokacin da ake cire ta, wajen watan Maris da Afrilu. Tana tsada ƙarshen shekara, in ta yi ƙaranci. Amma sanin wannan kaɗai bai isa ba. Kafin ka sayar, ka ji farashin yau a kasuwannin cikin Sakkwato. Ka ji na Achida ran Laraba, da na Illela ran Lahadi. In da hali, ka ji na Kano da na Mile 12 a Legas.

Kada ka tsaya ga bakin mutum ɗaya, musamman in shi ne mai son saye. Ka tambayi mutum uku waɗanda ba su haɗa ciniki ba: direban da ya dawo jiya, ɗan'uwanka da ke zaune can, da wani manomi da ya sayar kwanan nan. In bakinsu ya zo kusa da juna, to ka sami gaskiya.

Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan aiki. Wata malamar jami'a 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bincika kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da waya ke shiga garuruwa. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin wata kasuwa da wata ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa, 'yan kasuwa sun daina tafiya a makance. Sai sun buga waya kafin su yi lodi.

Tambaya ta biyu: nawa zai rage a hannuna?

Nan ne mutane ke ruɗewa. Bari in ba ku misali, ku rubuta. A ce an taya maka buhu naira 40,000 a bakin gona. Sai ka ji ana sayar da shi 60,000 a Kudu. Ranka ya biya. To, bari mu yi lissafi. A ce kuɗin mota 9,000 ne kowane buhu. Lodi da sauke 2,000. La'ada 2,000. Kuɗin kan hanya da na cinka 2,000. Sannan a ce buhu ɗaya cikin goma ya ruɓe kafin a isa, wato 6,000 ya tafi daga kowane buhu. Jimla 21,000. A cire daga 60,000, saura 39,000. Kun gani? Ka sha tafiyar kwana da kwanaki, ka dawo da abin da bai kai na bakin gona ba. Wani lokaci kuma lissafin zai nuna tafiyar ta fi. Alƙalami ne zai faɗa maka. Haka za ka yi in kana shawarar ajiye albasa a rudu har ta yi tsada: ka lissafa wadda za ta ruɓe da wadda za ta rame.

Ku riƙa sauraren rediyo kuma, domin abin da ya faru nesa yana taɓa aljihunmu. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. An sake rufe iyakarmu da Nijar a 2023 bayan juyin mulki a can. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi. Wanda ya ji da wuri ya gyara shirinsa. Wanda bai ji ba ya gyara lissafinsa bayan asara.

Tambaya ta uku: da wa nake hulɗa?

Yanzu baƙi kan zo ƙauye da sunan kamfani. Wannan ya kawo iri ko maganin ƙwari. Wancan ya ce zai saye amfanin gona bashi. Wani ya ce a kawo kuɗi ya juya su ninka cikin wata ɗaya. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Ka tambayi inda ofishinsu yake, ka je ka gani da idonka. Ka nemi lambar rajistarsu ta hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ka sa yaronka ya duba sunan a waya. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalbar magani. Ka tambayi malamin gona. Mafi muhimmanci, ka nemi garin da suka yi ciniki bara, ka ji ko sun biya mutane. Rajista kaɗai ba ta nuna mutum mai amana ne.

Ku tuna da MMM da ta tsayar da biyan mutane a Disamba 2016, da CBEX da ta rushe a Afrilu 2025. Mutane masu yawa sun rasa dukiyarsu. Duk wanda ya ce ka yi sauri kada dama ta wuce, ba ya son ka yi tambaya ne.

Ga aikin da zan bar muku. Kowa ya sayi ƙaramin littafi. Duk ranar kasuwa ka rubuta kwanan wata, sunan kasuwa, kaya da farashi. Iyayenmu mata masu sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ku ma ku rubuta kuɗin tiyar gyaɗa kowane mako. In shekara ta zagayo, littafin nan zai gaya muku watan saye da watan sayarwa. In kuna da ƙungiya, ku haɗa abin da kowa ya jiyo, a karanta a gaban kowa.

Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu.