Murar Mai Juna Biyu Ba Irin Tamu Ba Ce

 

To jama'a, hunturun Jos ba sai an faɗa wa kowa ba. Daga Disamba zuwa Janairu kusan kowane gida tari ne da atishawa. Mu maza mukan sha citta da kanumfari, mu ɗaura rawani mu tafi kasuwa, kwana uku ta sake mu. Shi ya sa idan maiɗaki tana da ciki ta ce mura ta kama ta, sai mu auna ta da jikinmu, mu ce ai mura ce kawai. Nan ne gizo ke saƙa.

Likitoci sun yi bayani cewa jiki yana da dakarun da ke yaƙar duk wani baƙon abu. Shi kuwa ɗan da ke ciki rabinsa daga uba yake, ke nan baƙo ne a jikin uwarsa. Cikin hikimar Allah sai garkuwar jikin mace ta sassauta wani sashe na wannan yaƙi don kada ta kori ɗan. Sashen da aka sassauta ɗin yana daga cikin masu farautar ƙwayoyin bairos, irin na mura mai tsanani da korona. Ga kuma matsi: idan ciki ya tsufa, mahaifa tana tura shamakin da ke ƙarƙashin huhu sama da kamar santimita 4, alhali iskar da take bukata ta ƙaru, tunda mutum biyu take shaƙa wa. Abin da zai tsaya mana a hanci, ita sai ya gangara huhu ya zama nimoniya, musamman a watanni ukun ƙarshe. Zazzaɓi mai zafi kuma yana iya tayar da naƙuda lokaci bai yi ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Annobar 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta yi wa masu ciki mummunar ɓarna a duniya. A murar 2009, masu ciki a Amurka kamar kashi 1 cikin 100 ne na jama'a, amma kusan kashi 5 na waɗanda suka rasu su ne. Can fa ke nan, inda asibiti ke bakin ƙofa. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a sahun farko na masu karɓar rigakafin mura, kuma wannan allura tana kare jariri ma a watanninsa na farko. A tambaya wurin awo.

Abin da ya fi damunmu jinkiri ne. Yarinya mai cikin fari tana kunyar uwar miji, ba za ta ce numfashi na yi mata wuya ba. Maigida yana Legas ko Onica sarin kaya, ba a fita sai da izininsa. A aiki yaro kemis ya sayo kafso, wanda ba ya kashe bairos ko kaɗan. A rufe taga a hura gawayi saboda sanyi, hayaƙin ya ƙara toshe ƙirjin. Alhali maganin mura mai tsanani ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 2.

Saboda haka kafin mu yi tafiya, mu bar izini a fili da kuɗin mota a hannunta, mu kuma shaida wa Hajiya. Idan tana haki daga zaune, ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓi ya ƙi sauka bayan farasitamol, ko motsin ɗan ya ragu, ba a jiran gari ya waye. Asibitin Kwararru na Filato yana nan cikin gari, JUTH kuma yana Lamingo. A ɗauki katin awo a tafi da shi.